Saƙa safar ƙafa da hannunki, da shiga musanyar masaƙa ta intanet

Tambaya: "Anti, na iya saƙa da kwarashi, na kuma fara koyon allura biyu, har na yi wa jarirai hula da riga. Ina ganin matan ƙasashen waje suna saƙa safar ƙafa suna aika wa juna ta gidan waya, kowa ta saƙa wa wata, wata ta saƙa mata. Ina sha'awar shiga. Wane zare zan nema, yaya ake juya dunduniya, kuma daga nan Zariya ana iya shiga irin wannan musanyar?"

Ƙanwata, ana iya shiga, ni kaina na sha shiga daga nan Jos. Sai dai kin haɗa tambaya biyu, kuma ɗaya tana gaba da ɗaya. Kada ki sa sunanki a wata musanya sai kin saƙa cikakkiyar safa, hagu da dama, sau uku aƙalla, an sa su, an wanke, kin ga inda suka fara cinyewa. Musanyar nan adashe ce, illa dai da saƙa ake zubi. Wadda aka haɗa ki da ita za ta ɓata makonni tana yi wa wata aiki, tana sa ran abin da zai zo mata ya kai wanda ta fitar. In kika aika mata safar koyo, kin yi zubi da kuɗin da ba ya tafiya.

Mu fara da zare, don a nan yawancinmu muke tuntuɓe. Zaren da ya cika kasuwanninmu, wanda muke kira ulu, mafi yawansa akirilik ne, wato dangin roba. Yana da kyau a kayan jarirai, ga araha, ga launi, ga saurin bushewa. A cikin takalmi kuwa ba ya shan gumi, ƙafa ta yi ta jiƙewa, kuma bayan 'yan wanki sai ya saki jiki ya yi ƙududdubai. Zaren safa na ainihi siriri ne, kuma haɗin da aka fi sani shi ne kashi 75 gashin tumaki, kashi 25 nailan. Gashin ne ke riƙe ɗumi ya shanye gumi, nailan ɗin kuma shi ke hana dunduniya hujewa da wuri. Dunƙule mai giram 100 yakan kai mita 400 ko ɗan sama, kuma ya ishi safar babban mutum ƙafa biyu har ki sami saura. Regia da Opal, duka na Jamus, su ne sunayen da za ki fi cin karo da su. Ki duba takardar da aka naɗe zaren da ita, in kin ga an rubuta Superwash, an yi wa gashin aikin da zai hana shi curewa a wanki.

Wata za ta ce, ga tumaki ko'ina, me ya sa sai mun sayo ulu daga waje? Yankasa da Uda da Balami duk tumakin gashi ne gajere mai kaushi, ba irin wanda ake kaɗawa ya zama zare mai laushi ba. Masu ulun sai can bakin kogin Kwara, wajen Masina a Mali da wani yanki na yammacin Nijar, kuma ulunsu barguna ake saƙawa da shi. Don haka ko dai ki yi oda, ko ki ba mai tafiya saƙo. Auduga zalla ba ta da ja da komowa, safarta takan zame ta taru a idon sawu. In zafin gari ya sa kike son auduga, nemi wadda aka gauraya da nailan ko ɗan zaren roba. Don koyon siffar safa kawai, yi amfani da zaren kasuwa mai kauri da manyan allurai, ki saƙa ta ɗan yaro. Cikin kwana biyu za ki ga yadda sassan suke haɗuwa, ba ki yi asarar zare mai tsada ba.

Allura ta safa siririya ce, milimita 2.25 ko 2.5. Ana saƙa safa a zagaye ne, babu ɗinki a gefe, don haka ko ki sayi gajerun allurai masu tsini biyu, guda biyar a ƙunshi, ko doguwa guda mai igiya a tsakiya, tsawon santimita 80, ki riƙa jawo igiyar waje kina saƙa rabi-rabi. Ni da guda biyar ɗin na koya, amma yanzu mai igiyar nake riƙewa, saboda ba ta zamewa ta faɗi ƙarƙashin kujerar mota. In hannunki yana matse zare, ɗauki ta ƙarfe, domin ta gora siririya haka takan karye.

Yanzu ga wurin da nake so ki tsaya ki natsu, wato awo. Kowane madaukin zare da ke kan allura ido muke ce masa. Kafin ki fara safa, saƙa ɗan gwaji a zagaye, ki wanke shi, ya bushe, ki ɗora tef ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. Abin da ake nema 30 zuwa 32 ne. Saƙar safa tana son matsi fiye da ta riga. Ɗaga gwajin ki duba shi a hasken taga: in kina hango haske sosai ta tsakanin idanun, saƙar ta yi sako-sako, zaren zai riƙa gogar juna a ƙarƙashin ƙafa har ya tsinke. Sauka zuwa allura mafi siranta.

Sai ki auna kewayen ƙafa a inda ta fi faɗi, wato gindin yatsu, mai ƙafar yana tsaye ya taka ƙasa. A ce kin sami santimita 22, kuma saƙarki ido 32 ce a santimita 10. Lissafi zai ba ki ido 70. Kada ki ɗora 70. Cire kashi ɗaya cikin goma, saura 63, ki mayar da shi 64 don ya rabu huɗu daidai. Dalili shi ne safa ana son ta ɗan fi ƙafa ƙanƙanta, ta miƙe ta kama. Wadda ta yi daidai da ƙafa a kan tebur, a cikin takalmi jaka ce. Safata ta farko haka ta fito. Na saƙa wa mahaifina don sanyin asuba, na ce bari in sakar masa ita kada ta matse tsoho. Ya sa ya taka zuwa masallaci, kafin ya dawo dunduniyar safar ta koma tsakiyar tafin ƙafarsa. Bai ce komai ba, sai dai na lura ya mayar da ita ma'ajiyar carbi. Mata manya yawanci ido 60 ko 64 ne, maza 68 ko 72, amma tef ya fi kintace.

Ɗora ido 64, ki sassauta hannu ƙwarai wajen ɗorawar, domin bakin nan sai ya ƙetare dunduniya kafin ya zauna a ƙwauri. Yi saƙar roba, biyu gaba biyu baya, kamar santimita 4, sannan ki zarce da saƙar gaba zalla har tsawon da kike so, 15 zuwa 18 ya wadatar. Wannan ɓangaren ba shi da labari, kina hira kina yi.

Dunduniya ce ake tsoro, kuma tsoron ya fi aikin girma. Raba idanun biyu. Rabi, 32, na saman ƙafa ne, bar su su huta. Ɗaya rabin za ki saƙa shi je-ki-dawo, layi 32, ya zama ɗan falle mai kusurwa huɗu wanda zai rufe bayan dunduniya. Idon farko na kowane layi kada ki saƙa shi, ki zare shi kawai zuwa ɗaya allurar, sai gefen fallen ya fito da sarƙa mai ido 16 kowane ɓangare, kuma za ki buƙace su nan gaba. A layukan fuska, wato lokacin da fuskar saƙar take kallonki, ki riƙa zare ɗaya kina saƙa ɗaya har ƙarshe. Hakan yana ninka kaurin wurin, wurin da takalmi ya fi ci.

Ga juyawar. A layin fuska, zare ɗaya, saƙa 17, haɗa biyu su zama ɗaya, saƙa ɗaya, sai ki juya aikin alhali saura ido 11 ba ki taɓa su ba. Nan ne masu koyo suke tsayawa su ce an yi kuskure a rubutu. Ba kuskure ba ne, juya. Zare ɗaya, saƙa 5 ta baya, haɗa biyu, saƙa ɗaya, sake juyawa. Yanzu duba allurarki, za ki ga ɗan giɓi a kowane gefe, inda kika juya. Daga nan kin daina ƙirga: saƙa har saura ido ɗaya kafin giɓin, haɗa na gaban giɓin da na bayansa, ƙara ɗaya, juya. Haka za ki yi ta cin gefen nan kina cin wancan har idanun gefe su ƙare, ki tashi da 18. Ki kife shi a tafin hannunki, za ki ga ɗan ƙoƙo ya fito, zaren da yake tafiya ƙasa ya karya kwana ya fuskanci yatsu. Shekara nawa ina yi, har yau in na kai nan sai na tsaya na kalle shi.

Sannan ki tsinci ido 16 ɗin nan na gefen fallen, ki saƙa 32 da suka huta, ki tsinci 16 na ɗaya gefen. Kin koma zagaye, da ido 82. A kusurwar da falle ya haɗu da saman ƙafa ƙaramin rami yakan fito, don haka nakan tsinci ƙarin ido ɗaya a wurin, in murɗe shi kafin in saƙa. Ki riƙa rage ɗaya a kowane gefe, zagaye ɗaya ragi, zagaye ɗaya hutu, har ki dawo 64. In mai ƙafar tana da tudun ƙafa mai tsayi, ƙara wa fallen layi huɗu ko shida, shi ke nan safar ba za ta shaƙe ta a gaban idon sawu ba. Wannan ne ya sa nake fifita irin wannan dunduniyar a musanya. Akwai wasu hanyoyin da suka fi sauri, amma wannan ta fi yafe wa ƙafar da ba ki taɓa gani ba.

Ci gaba har saura santimita 5 ki kai ƙarshen babban yatsa, sai ki fara rage huɗu a zagaye, biyu kowane gefe, kina tsallake zagaye ɗaya, har 32, sannan kowane zagaye har 16 ko 20. Ragowar ana rufe su da allurar ɗinki mai dakusasshen baki, ta yadda zaren zai kwaikwayi layin saƙa, babu tudun da zai ci yatsa. Turawa suna kiran wannan rufin da sunan Kitchener, hafsan sojan Ingila da ya ci Omdurman ta Sudan a 1898, saboda ana danganta shi da safar da mata suka riƙa saƙa wa sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masaƙa da yawa yanzu sun bar kiran sunansa, suna cewa haɗi kawai.

Tun da na taɓo tarihi, kada ki ɗauka sana'ar ta Turawa ce tun asali. Cikin tsofaffin saƙar allura da aka tono akwai safunan auduga daga Masar ta zamanin Musulunci, wajajen ƙarni na 12, fari da shuɗin baba, da ado kamar na tayil ɗin masallaci. Kafin su ma akwai wasu jajaye na ulu, su ma daga Masar, na tsakanin shekara ta 250 da 420, suna gidan tarihin Victoria and Albert a Landan. Da allura ɗaya aka yi waɗannan, kuma an raba musu wurin babban yatsa daban don a sa da takalmi mai maɗauri. Na kwaikwayi dabarar na saƙa wa surukata mai rabon yatsa, tana sawa da silifas duk hunturu.

Ƙafa biyu sun haura ido dubu ashirin, ni nakan ci awa ashirin ko fiye. Da kin rufe ta farko, ɗora ta biyu a zaman nan, ko da zagaye uku ne, in ba haka ba za ta kwana a jaka har baɗi. Rubuta yawan zagayen kowane sashe a takarda don su fito tagwaye. Wanki da hannu, ruwa mai sanyi, kada a murɗe, a shanya a kwance a inuwa. Ki kuma gaya wa mai sawa gaskiya: kaushi da faso sun fi takalmi cin safa, a shafa mai kafin a sa. In za a ajiye ta bayan sanyi, a wanke tukuna a ƙulle a leda, don asu yana bin gumi.

To, musanya. Da yawa daga cikinsu a Ravelry ake shirya su, dandalin masaƙa da aka buɗe a Amurka a 2007, rajista kyauta. Akwai kuma a Instagram da Facebook. Tsarin kusan ɗaya ne. Mai shiryawa, ki ɗauke ta a matsayin uwar adashe, za ta sanar da ranar rufe rajista, da ranar da kowa za ta kai kayanta gidan waya, da mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe. Za ki cika takardar tambayoyi: tsawon ƙafa da kewayenta, launin da kike so da wanda ba kya so, ko jikinki yana ƙin ulu, ko ƙamshin turare ko gashin kyanwa yana tayar miki da asma. Sai a ba ki sunan wadda za ki saƙa wa. Sau da yawa wadda take saƙa miki wata ce daban, kuma a ɓoye take har sai kaya sun iso. In naki ya zo, ki ɗauki hoto ki yi godiya a gaban kowa a ranar, wannan ba a wasa da shi.

Kafin ki shiga, karanta dokokin har ƙarshe. Wasu na 'yan ƙasa ɗaya ne kawai, wasu suna tambayar kowa ko ta yarda ta aika ƙasar waje, kuma waɗanda suka yarda ɗin ne kaɗai za a iya haɗa ki da su. Wasu ba sa karɓar sabuwar fuska sai ta nuna ayyukanta ko ta taɓa kammala wata ƙaramar musanya. Kada wannan ya ɓata miki rai. Sa hotunan safunan nan uku a shafinki, ki riƙa shiga hira, ki fara da ƙaramar musanya, irin ta ragowar zare ko jakar ajiye saƙa. Ki kuma duba ko mai shiryawar ta tanadi masu cike gurbi, waɗanda suke kira mala'iku, wato masu sa kai su saƙa wa duk wadda abokiyarta ta gudu. Musanyar da ba ta da wannan tanadin ban cika shiga ba. Wadda kuma aka ce ki tura kuɗin rajista asusun wani, bar ta. Batun adireshi, ni akwatin gidan waya nake bayarwa, ba ƙofar gida ba, kuma ki sanar da maigida ko iyayenki tun kafin kaya su fara zuwa da sunan baƙi.

An taɓa gudu da nawa zubin. Na saƙa safa mai adon ganye, kusan wata guda ina kanta, na aika, ta isa, aka yi godiya. Wadda aka ba sunana kuwa ta yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wata biyu babu labari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ta rubuto layi ɗaya ta ce rashin lafiya ko hidima ta taso mata, da babu wanda zai ga laifinta. Daga baya wata dattijuwa cikin masu cike gurbi ta aiko mini da safa ruwan toka, da 'yar wasiƙa da rubutun hannu, tana tambaya wai da gaske ana sanyi a Najeriya. Na ba ta labarin Jos a watan Janairu. Don haka in kin ga ba za ki cika alkawari a kan lokaci ba, faɗa wa mai shiryawa tun da sauran kwanaki. Jinkiri ana yafe shi, shiru ne yake sa a rubuta sunan mutum a daina karɓarsa, kuma mu da muke 'yan kaɗan daga wannan yankin, abin da ɗaya ta yi yakan shafi ta bayanta.

Kuɗin aikawa shi ne babban nauyi a kanmu, wani lokaci ya fi kuɗin zaren. Je gidan waya ki tambayi farashin ƙunshi mai giram 300 ko 500 zuwa ƙasashe biyu ko uku tun kafin ki yi rajista, kuma kada ki aika sai da lambar bibiya, ita ce shaidarki. Za a ba ki takardar kwastan, CN22 ga ƙaramin ƙunshi. Rubuta gaskiyar abin da ke ciki, ki yi alama a gurbin kyauta, ki sa kuɗin kayan daidai. Kyauta daga mutum zuwa mutum tana shiga Tarayyar Turai babu haraji in ba ta wuce yuro 45 ba, Ingila fam 39, in ta haura kuwa abokiyarki ce za a tsare da biya kafin a miƙa mata. Amurka ta sauya dokarta ta ƙananan kaya a ƙarshen Agustan 2025, abin ya taɓa gidajen waya na ƙasashe da yawa, don haka in can za ki aika, tambayi halin da ake ciki a ranar. Ki ba kanki ƙarin makonni uku a kan ranar da aka tsayar, wato ki gama saƙa da wuri fiye da kowa.

Al'ada ce a cusa 'yan ƙananan kyaututtuka tare da safar, kuma na san abin da zuciyarki za ta fara raya miki: kilishi. Kada ki kuskura. Nama da dangoginsa ba sa shiga Turai ko Amurka ta gidan waya, za a iya ƙwace ƙunshin gaba ɗaya, safar ma ta tafi. Ostireliya da New Zealand sun fi kowa tsanani, iri, busasshen ganye, ɗanyen gashin dabba, duk suna tsarewa. Turaren wuta da humra ma ki bar su, ƙamshin yana kama ulu ya ƙi fita, kuma ba kowane ƙirji ke ɗauka ba. Abin da na ga yana faranta musu shi ne jakar saƙa da tela ya ɗinka da atamfa, ko ƙyallen da aka rina a marinar Ƙofar Mata ta Kano, da 'yar takarda mai bayanin yadda ake rini da baba. Ki haɗa da ɗan ƙullin ragowar zaren safar, mita biyar ko goma, don ranar da dunduniya za ta nemi faci, ki rubuta irin zaren da yadda ake wanke shi. Sa komai a leda mai zif kafin ambulan, saboda ruwan sama a hanya.

In kin gama ta ɗan yaron nan da zaren kasuwa, turo mini hotonta ta gefe, dunduniyar tana fuskantar kyamara, da adadin idon da kika samu a santimita 10. Daga nan zan gaya miki lambar allurar da za ki saya kafin ki yi odar zaren.